Yadda Za Ka Tsare Gidanka na Takur da Zamiyar Ƙanƙara

An rubuta wannan jagora ne domin ma'aikacin gwamnati mai matsakaicin matsayi a Dutse, wanda Allah ya ba shi gida a kwatas ɗin Takur, kuma ya fara jin ƙishin-ƙishin cewa yana cikin waɗanda za a tura ƙauye. Ka san dokar: gidan na ma'aikatan hedikwata ne. Ranar da aka ɗauke ka daga hedikwata, ranar za ka miƙa makulli. Ka kuma san cewa tun da aka ƙirƙiro jihar aka kwaso ma'aikata daga Kano, akwai waɗanda har yau a shagon haya suke kwana, suna tara wankinsu sai Juma'a. Ɗaya daga cikinsu teburinsa yana kallon naka. Mu kira shi Malam Zuhair. Ya taɓa zuwa gidanka barkar suna, ya daɗe a tsaye yana kallon famfon tsakar gida.

Maganin wannan damuwa shi ne ka zama ƙwararre a wasan zamiya kan dusar ƙanƙara, irin wanda ake yi a daji. Idan ka bi matakan nan bi da bi, ina ba ka cikakken tabbaci: kafin damina ta faɗi, babu mahalukin da zai sake tambayar aikin me kake yi a ofis.

Mataki na 1: Zaɓi ilimin da babu mai iya bincikarsa

Kuskuren yawancin ma'aikata shi ne neman suna a fannin da jama'a suka sani. Kada ka ce kai masanin noma ne. Kowa a ofis ɗinku yana da gonar gero a garinsu, kuma yana da kawun da ya fi ka sani. Kada ka ce kiwo. Rabin ma'aikatan hukumar a ruga aka yanke musu cibiya.

Ƙanƙara ba haka take ba. Wadda Dutse ta sani ita ce wadda ake sarawa da adda a bakin kasuwa da azumi, a lulluɓe ta da buhu. Ba wanda ya taɓa tsayawa a kanta.

Kai kuwa ka taɓa. A zamanin soja an tura ka kwas ɗin noman rani wata ƙasa mai sanyi, saboda wanda aka zaɓa fasfonsa bai fito ba. Ranar hutun ƙarshe aka kai ku kan wani tsauni, aka ɗaura maka alluna biyu dogaye a ƙafa, aka ɗauke ka hoto. Abin da ya faru bayan nan ba ya cikin hoton, saboda haka bai faru ba.

Mataki na 2: Gyara hoton

Ciro shi daga ƙasan akwati. Za ka ga Baturiyar da ta koyar da ku tana tsaye a gefenka, ta ɗora hannu a kafaɗarka don kada ka faɗi. A wancan lokacin wannan ne ya sa hoton ya yi farin jini a majalisa. Yanzu an ƙaddamar da shari'a, kuma mutanen da suka fi kowa roƙon a ara musu hoton su ne bana suka fi kowa tsawon carbi. Nemi almakashi.

Yanke ta tsaf. Yatsunta huɗu za su rage a kafaɗarka, babu yadda za ka yi da su. Matarka, mu ce sunanta Ikilima, za ta same ka a kan aikin.

"Baban Zaituna, waɗannan yatsun na waye?"

"Igiyar jaka ce."

"Igiyar jakar Turai har jan farce take sawa?"

Kada ka amsa. Ɗauki baƙin biro ka shafe su. Daga nesa za su yi kama da aninin hafsa, wanda hakan ba zai rage ka da komai ba. Sa hoton a gilashi, ka rataye shi inda duk mai shiga wurin Darakta sai ya gifta ta gabansa.

Mataki na 3: San irin zamiyar da kake gwani a kanta

Iri biyu ce. Akwai ta wuraren shaƙatawa, inda kujeru masu tafiya a kan waya suke kai mutum ƙololuwa yana zaune, an share masa hanyar saukowa, ga masu gadi, ga ɗakin shan shayi. Guje ta. Tana buƙatar gini, kuma gini abu ne da za a iya zuwa a duba a ga babu shi.

Taka ita ce ta daji. Ba kujera, ba hanya, ba mai gadi. Mutum yana hawa da ƙafarsa, ya sauko ta inda ya ga dama. Wannan ta dace da tsarinmu, domin ba ta buƙatar komai daga gwamnati sai amincewa.

Haddace bayanin hawan, za ka yi ta maimaita shi. Ana manna wata fata mai gashi a ƙarƙashin kowane allo. Gashin kwance yake ta fuska ɗaya: in ka tura ƙafa gaba ya sulale, in nauyi ya ja ka baya ya kama ƙasa. Yatsun takalmin ne kawai a maƙale da allon, diddige a sake, don a ji daɗin taku. In an kai sama sai a ɓare fatar, a kulle diddigen, a gangaro. Yi wannan bayani a hankali, kana nunawa da tafin hannu. Abu ne mai yin gaba ba ya komawa baya, don haka kada ka kwatanta shi da fayil ɗin ƙarin girmanka.

Mataki na 4: Kayan aiki

Alluna, takalma masu tauri kamar bokiti, da sanduna biyu, duk wani mai kawo gwanjo a Kano zai samo maka su, yana murna ya rabu da su. Zai haɗa maka da wandon wasan. Wandon matsattse ne, mai sheƙi. Ko a cikin ɗaki kada ka gwada shi. Kaftaninka ya isa.

Sai kayan tsira, waɗanda su ne zuciyar al'amarin. Babban haɗarin wannan wasa shi ne dusar ƙanƙara ta zaftaro daga gangare ta binne mutum. Wanda ta rufe ba ya jiran motar asibiti. In ba waɗanda suke tare da shi ne suka tono shi nan take ba, gawa za a tono. Saboda haka kowane mutum yana ɗaukar abu uku. Na farko, wata 'yar na'ura kamar rediyon aljihu, ana rataya ta a ƙirji, tana aika sigina ba tsayawa. In an binne wani, sauran su juya nasu su koma sauraro, su bi sautin har inda yake. Na biyu, doguwar sanda mai haɗe-haɗe da ake sokawa a gano zurfinsa. Na uku, shebur.

Ka lura da kalmar "kowane". Na'ura ɗaya ba ta da amfani, kamar wayar tarho ce guda ɗaya a duk faɗin gari.

Yanzu ɗauki wannan bayani ka shiga wurin Darakta, Alhaji Nata'ala. Tuɓe takalmi a ƙofa. Zai saurare ka yana tauna goro.

"Na'ura nawa ka ce?"

"Kowa ɗaya, ranka ya daɗe."

"Kowa. Har Lado direba?"

"In zai hau, ranka ya daɗe."

"Malam, mutum nawa ne Darakta a hukumar nan?"

"Ɗaya ne, ranka ya daɗe."

"To."

Za a sayo guda ɗaya. Kada ka ja maganar. Ba ka shiga ofishin don ka ceci kowa ba, ka shiga ne don gida mai famfo.

Shebur ya fi wuya. Za a yi zama a kansa. Babu mai hula a ɗakin da zai yarda a gan shi da shebur a kafaɗa a bakin titi, ga surukai suna wucewa. Mataimakin Darakta zai gyara zama ya ce, "Ni dai mahaifina bai sayar da shanunsa ya sa ni makaranta don in riƙe shebur ba." Kowa zai gyaɗa kai. Za a yanke shawara a ajiye shi ƙarƙashin kujerar baya ta bas ɗin hukuma, a hannun Lado. Rubuta cewa an cimma matsaya.

Mataki na 5: Gabatar da lacca kan kiyaye haɗari

Nemi ɗakin taro, a kawo lemo. Jingine allunan a bango inda kowa zai gan su. Dokokin ba su da yawa, kuma gaskiya ne, wanda hakan zai taimaka wa fuskarka.

Kafin a hau gangare a duba shi, sama da ƙasa. Kada a tsaya a kan leɓen da ƙarƙashinsa ya rarake. A wurin da ake shakka a bi ɗaya bayan ɗaya, a bar tazara, don in ta zaftare ta ɗauki mutum ɗaya, sauran su tona. Sannan doka ta ƙarshe: duk wanda hankalinsa bai kwanta ba, ko shi ne ƙarami a tawagar, yana da ikon cewa a koma, kuma sai a koma.

A nan Alhaji Nata'ala zai ajiye kwalbar lemonsa.

"Ƙarami ya ce wa babba a koma?"

"Haka suke yi, ranka ya daɗe."

"Shi ya sa 'ya'yansu suke kai su gidan tsofaffi. Ci gaba."

Za a yi dariya daidai gwargwadon matsayi. Bayan ta lafa, Malam Zuhair zai ɗaga hannu daga baya, da ladabi.

"Malam, Allah ya ƙara basira. Ni tambayata ƙarama ce. Ƙanƙarar fa?"

Wannan ita ce tambayar da ta kayar da waɗanda suka gabace ka. Kada ka yi gaggawa. Kurɓi lemo, ka dube shi kamar ka tausaya masa, ka ce, "Tana cikin kashi na biyu na shirin."

Malam Zuhair zai sauke hannunsa. Ruwan unguwarsu yana cikin kashi na biyu. Kwaltar garinsu tana cikin kashi na biyu. Kowa a ɗakin ya san wurin, kuma ya san ba a tambayar ranar isowa daga can.

Mataki na 6: Kauce wa gwaji

Ƙwararre na gaskiya ba ya nuna gwanintarsa. In an ce ka gwada, ka ce zafi ya yi yawa, fatar za ta saki. In an yi sanyi, ka ce gwiwa. In azumi ya zo, ka gode wa Allah.

Wannan mataki yana aiki na 'yan watanni. Daga nan Malam Zuhair zai je ta'aziyya wajen Kafin Hausa, ya dawo da labarin wata jigawa mai tsayi a bayan wani ƙauye, rairayi fari tas. Zai faɗi haka a gaban Darakta, yana kallonka. Zai ƙara da cewa a hoto ba mai bambanta shi da ƙanƙara. Alhaji Nata'ala kuwa yana neman hoton da za a sa a kalandar hukuma ta baɗi, kuma ya gaji da hoton da yake riƙe da kan tarho.

Za a sa ranar zuwa jigawar da allunan. Ka ce madalla. Da ka koma gida Ikilima za ta ga fuskarka.

"Wai da gaske ka iya abin nan?"

"Na yi kwas."

"Kwas ɗin tumatir ka yi. Ni dai kada ka jawo mana abin da zai sa in koma jan guga da goyo."

Mataki na 7: Ranar hawa

Bas zai sauke ku a gindin jigawar da hantsi. Lado zai juya da motar, domin Hajiyar Darakta ta aike shi sayo kaji a kasuwar ƙauyen gaba. Ka tuna abin da ke ƙarƙashin kujerar baya. Ka tuna kawai, ba sai ka faɗa ba.

Matsalar iyawarka za ta warware da kanta. Alluna biyu ne kacal, saboda haka na Darakta ne. Durƙusa ka ɗaura masa. Rataya masa na'urar a kan babbar riga, ba a ƙarƙashi ba, don ta fito a hoto. Kai kuma ka riƙe masa takalmansa na fata, ka bi shi a baya. Fatar allunan za ta kama rairayi ba laifi, zai hau yana haki, mutum biyu suna tura shi.

Tun daga ƙasa ka riga ka ga ɗaya gefen jigawar. Nan masu tifa suke ɗibar yashi. Sun ci ƙasan sun bar saman yana reto kamar rumfa. Mai hoto zai ce hasken ya fi kyau a daidai bakin. Darakta zai matsa can. Da ganin haka kowa zai matsa, domin wanda bai fito a kalanda kusa da Darakta ba, a shekara mai zuwa ba a san da shi ba. Mataimaki a dama, akanta a hagu, sauran suna cusa kai ta tsakanin kafaɗu. Tazarar da ka koyar za ta koma faɗin takarda.

Ka duba ƙasa. Akwai wata siririyar tsaga a bayan diddigensu, tana tafiya.

Yanzu ne lokacin dokar ƙarshe. Kai ne ka san ta, kai ne ka karanta ta a gaban jama'a, kuma kai ne ƙarami. Gyara murya.

"Ranka ya daɗe, da an ɗan…"

"Me?"

Zai juyo. Duk za su juyo. Malam Zuhair zai juyo da murmushi. Ka tuna famfo, ka tuna bishiyar lemon tsamin da Ikilima ta dasa a bayan ɗaki.

"Da an ɗan gyara hular, ranka ya daɗe."

Zai gyara. Ita ce magana ta ƙarshe kafin leɓen ya tafi.

Mataki na 8: Ceto

Ba ƙara mai yawa. Wani sauti ne kamar an zazzage buhu, sai ka ga babu kowa a inda suke. Waɗanda ke gefe za su gangara su miƙe suna tofar da yashi. Darakta, da yake ƙafafunsa a ɗaure suke da alluna, zai tsaya inda ya faɗa, rairayi ya rufe shi har wuya.

Na'urar tana aiki sarai. Tana can a ƙirjinsa tana aika sigina zuwa ga 'yar'uwarta da ba a sayo ba. An yi sa'a ba a buƙatarta, domin ana jin muryarsa. Sandar sokawa kuma kada ka ko warware ta. Ba a soka wa Darakta sanda.

Ka lura muryar tana raguwa. Rairayi haka yake: duk numfashin da mutum ya fitar, sai ya matso ya cike gurbin. Idanunsa za su canza. Ba zai ƙara cewa "Malam" ba, sunanka zai kira, wanda ba ka ma san ya san shi ba.

A tona. Da hannu za a tona. Mataimakin Darakta zai durƙusa yana yaƙutar yashi kamar kaza, yana tambaya da ƙarfi wane marar hankali ne ya bar shebur a mota. Kai kana da takalman Darakta a hannu, ka yi amfani da su, suna ɗiba fiye da tafi. Malam Zuhair zai fi kowa sauri, kuma zai tabbatar fuskarsa ce a saitin idon Alhaji.

Zai fito da rai. Hular ba za a same ta ba. Lado zai iso da kaji bayan an gama.

A hanyar dawowa ba mai magana. Kada ka zama na farko.

Mataki na 9: Karɓi sakamakonka

Ba za a kore ka ba. Korarka na nufin wani abu ya faru, kuma mai hoto ya riga ya miƙa fim ɗinsa. Ranar Litinin Alhaji Nata'ala zai kira ka, da sabuwar hula, ga Malam Zuhair a zaune a kujerar da ba a taɓa ce maka ka zauna a kanta ba.

"Malam, atisayen nan ya yi nasara. Ya nuna mana muhimmancin wurin."

"Allah ya ƙara girma, ranka ya daɗe."

"Wuri irin wannan ba a barinsa ba mai kula. Mun buɗe sansanin horo a can. Mun duba duk hukumar, ba wanda ya kai ka sani. Kai ne shugaba."

"A can, ranka ya daɗe?"

"To a ina? Ko akwai jigawa a Takur?"

Yi godiya. Ƙarin girma ne, kuma ba a yi wa ƙarin girma kuka a gaban wanda ya ba da shi. Shugaban sansani ba ma'aikacin hedikwata ba ne. Sauran ka sani.

Malam Zuhair zai zo da yamma da igiyar awo, don labule. Zai gaishe da Ikilima da kyau, ya tambayi lafiyar Zaituna, ya tambaya ko lemon tsamin yana buƙatar ban ruwa kullum. Ikilima za ta ci gaba da haɗa kaya. Sai bayan ya fita za ta ɗaga kai daga kwalin da take ɗaurewa.

"Ka ga tsagar?"

"Na gani."

"Ka faɗa?"

"Na ce a gyara hula."

Za ta ja igiyar kwalin ta ƙulle. "Ɗauko min gugan da ke bayan ɗaki. Ashe da rabonsa."

Mataki na 10: Kula da sansani

Ɗaki biyu ne na ƙasa a gefen ƙauyen, da allon sanarwa. Kayan aiki duk an miƙa maka su. Allunan suna yin gada mai kyau a kan kwata. Sandunan suna korar awaki daga shanya. Na'urar ka rataye ta a ƙusa, ka riƙa canza mata batir, domin kayan gwamnati ce kuma tana iya yiwuwa wata rana a sayo ta biyun. Sheburin kuwa za ka saba da shi. Iska tana tara rairayi a bakin ƙofa kowace safiya, kuma a nan babu surukin da zai wuce ya gan ka.

Ka duba alkawarin da aka yi maka a farko. Damina ba ta faɗi ba tukuna, kuma babu wanda ya sake tambayar aikin me kake yi.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a karaya, binnewa, ɓatan hula, sauyin wurin aiki, ko shirun da mace za ta yi wa mijinta har kaka. An bayyana dokokin tsira daidai yadda suke, kuma ba a hana kowa bin su ba. Wanda ya ga tsaga ya yabi hula, shi da hular. Mai ƙorafi ya kai shi Takur, gidan da ke da famfo a tsakar gida da lemon tsami a baya, ya yi sallama da Malam Zuhair. Tambayoyi game da ƙanƙara za a amsa su a kashi na biyu na shirin.